Me jiragen ƙarƙashin teku suka je nema a tekun Aktik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu?

Tambaya: "Malam, na ji ana cewa a Yaƙin Duniya na Biyu har can ƙuryar arewacin duniya, a tekun Aktik, jiragen ƙarƙashin teku sun yi ta sintiri. To me suka je nema a inda babu komai sai ƙanƙara? A ƙarƙashin ƙanƙarar suke bi ne? Kuma wa ya ci riba a ƙarshe?"

Ɗan'uwa, na ji daɗin wannan tambaya, domin fage ne da na daɗe ina bibiya kuma ba a cika maganarsa a wajenmu ba. Mu abin da muka fi sani game da yaƙin Hitila shi ne Boma, inda aka kai kakanninmu. Bari in fara da tambayarka ta tsakiya, don a nan aka fi yin kuskure.

Ba a ƙarƙashin ƙanƙara suke yaƙi ba. Jirgin da ya fara ratsa ƙarƙashin ƙanƙara har ya kai tsinin arewacin duniya shi ne Nautilus na Amurka, ranar 3 ga Agusta, 1958, shekara 13 bayan an gama yaƙin, kuma da makamashin nukiliya yake aiki. Jiragen zamanin Hitila iyakarsu gefen ƙanƙara, wani lokaci su ɗan kutsa su fito. Dalilin haka shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa maka. Ka ɗauki jirgin wancan zamani kamar gida mai janareta da batir. In yana saman ruwa, injin dizal ne ke tura shi, yana kuma cajin batura. In ya nutse dole a kashe dizal, tunda inji na buƙatar iska, sai a koma kan batir. Jirgin Jamus samfurin VIIC, wanda shi suka fi aikawa arewa, yana gudun kilomita 32 a awa a saman ruwa. A ƙasa kuwa, in ya bi a hankali, wajen kilomita 7 a awa, batir zai kai shi kamar kilomita 150, wato ƙasa da kwana ɗaya cur, sai ya mutu. In ya taka wuta, cikin awa ɗaya ko biyu an gama. Saboda haka jirgi ne na saman ruwa wanda yake iya ɓuya na ɗan lokaci. Rayuwarsa ta rataya a kan dare: ya nutse da rana, ya taso da duhu ya sha iska ya yi caji. Wanda ya shiga ƙarƙashin rufin ƙanƙara da irin wannan jirgi, batir ya ƙare masa a can, ya shiga kabarinsa da ƙafarsa.

Abin da ya kai su can kuwa hanya ce. A watan Yuni na 1941 Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet. Birtaniya, daga baya da Amurka, suka ɗauki alkawarin aika wa Stalin, shugaban Sobiyet, tankoki, jiragen sama, motoci, man fetur da abinci. Hanya mafi kusa ita ce a taso daga Aislan ko Sikotlan, a zagaya ta saman ƙasar Norwe, a sauke kaya a Murmansk ko Arkhangelsk, tashoshin ruwa na arewacin Rasha, tafiyar kwana goma zuwa mako biyu. Murmansk na cikin yankin Aktik amma tasharta ba ta daskarewa, saboda wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga tekun Atlantika. Ayarin farko ya isa Arkhangelsk a ƙarshen Agustan 1941. Matsalar ita ce Norwe ɗin da ake zagayawa tana hannun Jamus tun 1940, da tashoshinta na Narvik, Hammerfest da Kirkenes, da filayen jiragen sama. Ga ƙanƙara a hagu, ga abokin gaba a dama. A watannin Maris da Afrilu ƙanƙara takan sauko kudu ta matse ayari zuwa bakin gaɓar Norwe, ba yadda madugu zai yi ya kauce.

Su ma Jamusawa suna da nasu ayarin. Sojojinsu na tsaunuka sun nufi Murmansk aka tare su a kogin Litsa, kilomita 50 da wani abu daga garin, suka maƙale a nan har shekara uku. Babu layin dogo da ya kai can ƙuryar arewacin Norwe, don haka akasarin abincinsu da harsashinsu ta teku yake zuwa, kuma ta teku ake kwashe ƙarfen nikel na Petsamo, wani yanki da ke dab da iyakar Norwe, wanda masana'antun makaman Jamus ke matuƙar buƙata. Wato kowa mafarauci ne, kowa kuma abin farauta. Jiragen Jamus na dakon ayarin Turawan ƙawance, wato Birtaniya da Amurka, a tsakiyar teku, na Rasha da na Birtaniya na laɓe a bakin lungunan tekun Norwe suna dakon na Jamus.

Yanzu ka tuna maganar dare. A Murmansk rana ba ta faɗuwa sam na wajen wata biyu, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli. A Disamba kuma takan yi kamar kwana 40 ba ta fito ba. Ka ga jirgin da aka ƙera domin ya rayu da dare an kai shi inda babu dare. Kwamanda ba shi da zaɓi, dole ya taso da rana tsaka ya yi awanni yana caji, mutum huɗu a saman hasumiya kowa da tabaron hangen nesa yana duban kusurwarsa, ana jiran a hango ɗigon jirgin sama a kwarma ihu a nutse. Kwamandojin Rasha sukan janye nesa da gaɓa su yi caji sannan su dawo, wanda hakan ke cinye musu babban kaso na lokacin sintiri. Da sanyi ya shigo kuma sai abin ya juye: duhu ya samu, amma ba ka ganin abin da za ka harba, ga guguwa mai ɗaga jirgi ta maka da ƙasa.

Na taɓa shiga ɗaya daga cikin waɗannan jirage. U-995 ne, wanda ya yi sintirinsa a wannan teku, yanzu yana ajiye a bakin ruwa a Laboe, kusa da Kiel a Jamus, an mai da shi gidan tarihi. Tsawonsa mita 67, amma in ka shiga ciki sai ka ga ashe bututu ne kawai cike da famfuna da wayoyi, hanyar tsakiya ta mutum ɗaya ce, kuma daga wani ɗaki zuwa wani sai ka duƙa ka zura ƙafa ta wata zagayayyiyar ƙofa. Mutum kusan 50 ke zama a ciki. Gadajen ba su kai yawan mutanen ba, in wani ya tashi zuwa aiki wani ya kwanta a gurbinsa tun da sauran ɗumi. A ɗakin gaba ana kwana ne a kan makaman tofido, wato bama-baman nan masu inji da ke gudu cikin ruwa. Bayi biyu ne, kuma ɗaya akan cika shi da abinci a farkon tafiya. Na dafa bangon ƙarfen, ranar ma bazara ce a wajensu, na ji sanyinsa a tafin hannuna. To ka ƙiyasta bangon nan ruwan da ke bayansa yana dab da daskarewa. Numfashin mutane na taruwa a jikinsa ya zama raɓa, ya riƙa ɗiga a kan barguna da burodi, ba abin da ke bushewa. Hita na cin batir, don haka ba kullum ake kunna ta ba. A waje kuwa feshin ruwa na daskarewa a kan bindiga, a kan eriya, a kan madubin leƙe da ake ɗagawa a duba saman ruwa in an nutse, har a bakin ƙofar hasumiya da kafofin da ake buɗewa a nutse. Wani lokaci maganin kawai shi ne a nutsa jirgin, domin ruwan teku ya fi iskar waje ɗumi, shi zai narkar da ƙanƙarar. Duk sanyin hunturun da ka taɓa ji a Jos ko Agadas, ka ajiye shi gefe.

Sanyin nan shi kansa ya kashe mutane da yawa. A Janairun 1942 jirgin Jamus U-454 ya harbi jirgin rakiya na Birtaniya mai suna Matabele. Cikin mutum fiye da 200, biyu kacal suka rayu. Da yawa an tarar da su rigar ceto na riƙe da su a saman ruwa, amma rai ya riga ya yi halinsa, domin cikin 'yan mintuna hannu ke daina kama igiya. A Fabrairun 1945 aka nutsar da wani jirgin rakiyar, Bluebell, mutum ɗaya ya tsira. Makamai ma ba su tsira ba: a Maris na 1942 babban jirgin yaƙin Birtaniya Trinidad ya harba tofido, makamin ya yi kwana ya dawo ya same shi, kuma galibi a kan sanyi ake ɗora laifin.

Akwai abu ɗaya da tekun ya taimaki masu nutsewa da shi. Jiragen rakiya na neman su ne da wata na'ura da Ingilishi ke kira Asdik, wadda ke aika ƙara cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa. A tekun Barents, wanda ke arewa da Norwe da Murmansk, ruwan ɗumi na Atlantika na haɗuwa da ruwan sanyi, ga kuma ruwan daɗi na narkakkiyar ƙanƙara da koguna, sai ruwan ya zama hawa-hawa, kowane da nauyinsa. Ƙara in ta iso iyakar hawa biyu sai ta lanƙwasa. Kwamandan da ya san aikinsa yakan shige ƙarƙashin irin wannan hawa ya lafe, jirgin rakiya ya wuce ta kansa bai ji komai ba.

Ranar da Jamusawa suka fi cin kasuwa ita ce ta ayarin PQ 17. Ya taso daga Aislan ranar 27 ga Yuni, 1942, da jiragen kaya 35, a tsakiyar lokacin da rana ba ta faɗuwa. Abin da Landan ke tsoro shi ne Tirpitz, katafaren jirgin yaƙin Jamus da aka kai Norwe a farkon shekarar. Ranar 4 ga Yuli, shugaban sojojin ruwan Birtaniya, Admiral Dudley Pound, ya zaci Tirpitz na dab da isowa, ya ba da umarnin 'yan rakiya su janye, ayari ya watse kowa ya yi ta kansa. Alhali a lokacin Tirpitz bai ko ɗaga anga ba. An guji gara an faɗa gidan zago: jiragen ƙarƙashin teku da jiragen sama suka bi jiragen kayan ɗaya bayan ɗaya, ba mai kare su, ba duhun da za su fake a ciki. Aka nutsar da 24, guda 11 suka isa. Tankoki 430, jiragen sama 210 da motoci 3,350 suka tafi ƙasan teku, matuƙa 153 suka mutu. Ni a ganina wannan umarni na cikin mafi muni da aka bayar a yaƙin ruwa, domin ayari a dunƙule da 'yan rakiya shi ne abin da jirgin ƙarƙashin teku ya fi tsoro, kuma Pound ya warware shi da hannunsa daga ofis, nesa da inda abin ke faruwa.

Washegarin wannan umarni Tirpitz ya fito, jirgin Rasha K-21 ƙarƙashin Nikolai Lunin ya gamu da shi, ya harba tofido huɗu daga nesa, ya ba da rahoton ya ji fashewa. A Rasha an yi shekaru ana koyar da cewa ya same shi. Kundin Jamusawa bai nuna an taɓa jirgin ba, bai ma nuna sun lura da harin ba. Tirpitz ya juya gida a daren ne domin an riga an gano inda yake, kuma aikin da ya fito yi wasu sun gama masa. Wannan ba ya rage jarumtar Lunin, kutsawa tsakiyar 'yan rakiyar irin wannan jirgi ba wasa ba ne. Amma yana nuna wata matsala da ta game kowane ɓangare. Kwamanda na leƙawa ta madubi na daƙiƙoƙi kaɗan, ya harba, ya nutse don ceton rai, sannan ya ji ƙara. Ƙarar na iya zama tofido ya daki dutsen gaɓa, ko bam da ake jefo masa. Da aka gwada rahotannin rundunar arewa ta Rasha da kundin Jamus bayan yaƙi, an tarar abin da suka nutsar bai kai ko kusa da abin da aka rubuta musu ba. Duk wanda ya karanta adadi a wannan fage ya fara tambayar daga bakin wa ya fito.

Duk da haka zuciyata ta fi karkata ga mutanen nan na Polyarny, sansanin rundunar arewa ta Rasha da Admiral Arseni Golovko ke jagoranta. Sun shiga yaƙi da jiragen ƙarƙashin teku 15 kacal, suna aiki a bakin gaɓar da Jamusawa suka shuka wa nakiyoyi, kuma sun rasa fiye da 20 kafin a gama, har da waɗanda aka ƙaro musu, yawancinsu da kowa da kowa a ciki. Dubi abin da ya sami ɗaya daga cikin jiragensu, Shch-421. A Afrilun 1942, a bakin lungun tekun Porsanger da ke arewacin Norwe, ya taka nakiya. Bayansa ya dagargaje, farfela ta tashi aiki, ba ya iya tafiya, ba ya iya nutsewa, igiyar ruwa kuma na jan sa zuwa gaɓar da ke hannun abokan gaba. Sai suka kwance tamfol ɗin da ake rufe injinan dizal da shi, suka ɗinke, suka ɗaga madubin leƙe suka ɗaura a jiki, iska ta riƙa tura su zuwa tsakiyar teku kamar kwalekwale. In dusar ƙanƙara ta rufe sai su ɗaga, in gari ya washe su sauke kada a hango su daga tudu. Sun kuma shirya tarwatsa jirgin da kansu in aka zo kama su. Haka suka kwana har wani jirgin nasu, K-22, ya iso washegari. Jan jirgin ya gagara saboda igiyar ruwa, aka kwashe mutanen, aka nutsar da jirgin da tofido. Kwamandan Shch-421, Fyodor Vidyayev, ya karɓi wani jirgi ya koma, kuma a 1943 ya fita bai dawo ba. Garin Vidyayevo sunansa ya ci, kuma can ne sansanin jirgin Kursk da ya nutse a tekun Barents a shekarar 2000 da mutum 118.

Akwai kuma wani kwamandan nasu, Magomet Gajiyev, ɗan ƙauye daga tsaunukan Dagestan, wanda in ka saurari sunansa da kyau za ka ji Muhammadu da Alhaji a ciki. Shi ake jingina wa al'adar harba bindiga a bakin tasha in jirgi ya dawo da nasara, don mutanen gari su sani tun kafin a ɗaure igiya. Ya mutu tare da jirgin K-23 a Mayun 1942. Shi ma akwai gari da sunansa, kuma har yau sansanin jiragen ƙarƙashin teku ne.

Birtaniya ta aika nata jiragen Polyarny tun Agustan 1941, Tigris da Trident, kuma sun yi ɓarna sosai a ayarin Jamus, har da jiragen da ke ɗauke da sojoji. Rashawa suka ba mutanen Trident kyautar 'yar barewar ƙanƙara, aka zura ta cikin jirgi, ta yi makonni tana sintiri tare da su, daga baya aka kai ta gidan namun daji a Landan. Trident ɗin nan ne ya fasa bayan babban jirgin Jamus Prinz Eugen a Fabrairun 1942. Amma aikin da ya fi ba ni mamaki shi ne na 22 ga Satumba, 1943. An ja wasu ƙananan jiragen nutsewa shida daga Sikotlan da igiya, kowanne na ɗaukar mutum huɗu. Biyu daga ciki, na Donald Cameron da na Godfrey Place, suka ratsa nakiyoyi da ragar ƙarfe har cikin lungun tekun Kaafjord na Norwe, suka ajiye tan-tan na abin fashewa a ƙarƙashin Tirpitz. An kama Cameron da mutanensa, suna kan Tirpitz ɗin lokacin da abin ya tashi. Jirgin ya yi wajen wata shida bai motsa ba.

Batun riba kuwa, in ka bi lissafi Turawan ƙawance ne suka ci. An yi ayari 78 zuwa da dawowa, jiragen kaya kimanin 1,400, an rasa 85 da jiragen yaƙin Birtaniya 16. Kaya kusan tan miliyan 4 aka ɗora a wannan hanya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na duk taimakon da aka aika wa Sobiyet. Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin teku kimanin 30 a kan ayarin. Abin da ya juya lamarin shi ne jirgin sama. Tun daga PQ 18 a Satumban 1942 aka fara haɗa ayari da ƙaramin jirgin ruwa mai dakon jiragen sama, zuwa 1944 kuma abin ya zama ƙa'ida. Jirgin sama ba sai ya nutsar da kai ba, ya tilasta maka nutsewa kawai ya isa, domin a ƙasa ba ka da gudun da za ka cim ma ayari. Hasken da ya ci PQ 17 sai ya koma cin Jamusawa: a ranakun 1 da 2 ga Mayu, 1944, jiragen sama daga jirgin dako mai suna Fencer suka nutsar da jiragen ƙarƙashin tekun Jamus uku. Admiral Karl Dönitz, shugaban jiragen ƙarƙashin tekun Jamus, dama tun 1942 yake ƙorafin cewa Hitila na ɓarnatar masa da jirage a Norwe saboda tsoron mamaya, alhali nama na can gaɓar Amurka. Daga ƙarshen 1944 Jamusawa suka samu bututun shaƙar iska da ke ba su damar kunna dizal a nutse, suka daina bin ayari, suka koma kwanton ɓauna a ƙofar mashigar Kola, hanyar shiga Murmansk, inda ruwa ke rikita Asdik. A nan suka nutsar da jirgin rakiya Goodall ranar 29 ga Afrilu, 1945, saura kwana kaɗan a gama yaƙi.

Sun kuma kutsa gabas har tekun Kara, inda Rashawa suka ɗauka ba mai iso su. A Agustan 1944 U-365 ya nutsar da jirgin Rasha Marina Raskova da jiragen rakiyarsa biyu. Ma'aikatan tashoshin arewa yake ɗauke da su tare da iyalansu, ɗaruruwan mutane suka mutu, ciki har da mata da ƙananan yara. Wannan ba ya shiga lissafin tan da na kawo maka a sama, kuma ba na son a manta da shi.

Wani aikin da ba a cika sani ba shi ne na hasashen yanayi. Yanayin Turai daga arewa da yamma yake tasowa, duk wanda ya san abin da iska ke yi a Aktik yau ya san abin da zai sami jiragensa jibi. Saboda haka jiragen ƙarƙashin tekun Jamus suka riƙa kai masana da na'urori tsibiran da ba kowa. A 1944 U-307 ya raka wata tawaga ta mutum 11 ƙarƙashin Wilhelm Dege zuwa arewa maso gabashin tsibiran Svalbard. Suna can suna aika rahoton iska da gajimare har Jamus ta faɗi a Mayun 1945, ba jirgin da zai koma ya ɗauko su. Sai ranar 4 ga Satumba, 1945, wani jirgin mafarautan Norwe ya iso, Dege ya miƙa wa kyaftin ɗinsa bindigarsa. Su ne sojojin Jamus na ƙarshe da suka ajiye makami a yaƙin, wata huɗu bayan sauran.